Gishirin Jinin Ejnar

Mutum yana da laifi a kan maganar da ya yi a gaban wanda ya ɗauka ba ya ji? Wata uku ke nan ina juya wannan tambaya, ban sami amsa ba.

Yayana Ejnar ya fara rikicewa ne a watan Agusta. Ya zuba kofi a kwanon sukari, ya kira ni da sunan mahaifinmu, ya faɗi sau biyu a bakin ruwa. Masuntan garinmu duk suka ce ruɗewar tsufa ce. Ɗansa Steen ya zo daga birnin Aarhus da takardun gidan tsofaffi.

A ɗakin girki muka zauna, Ejnar yana kan kujera yana kallon bango.

"Baffa Villy, mu daina yaudarar kanmu," in ji Steen. "Baba ya riga ya tafi, gangar jiki ce ta rage. Jirginsa na kamun kifi kuma farin fenti zan shafa masa, in canza suna, in riƙa ɗaukar 'yan yawon buɗe ido."

Gudrun ne sunan jirgin, sunan marigayiya uwar Steen. Na ci gaba da shafa man shanu a burodi.

Likita ta ce ba za ta sa hannu a takardun ba sai an ɗebi jini. Washegari ta kira ni: gishirin jininsa ya sauka zuwa 119, alhali bai kamata ya gaza 135 ba. Ƙwayar hawan jinin da ke sa shi fitsari ce take wanke gishirin, ga shi yana ta ɗirkar shayi. Aka kwantar da shi, aka tsayar da ƙwayar, ruwan sha ma sai an auna masa. A kwana na biyar hankalinsa ya dawo.

Holger, masuncin da suka shekara ashirin suna gaba da Ejnar a kan wurin ɗaure jirgi, ya leƙo asibiti.

"Ashe ba ka mutu ba, tsohon banza? To ka bar mini Gudrun kafin tsatsa ta cinye ta."

"Gara in huda ta ta nutse," in ji Ejnar.

Da Holger ya fita, Ejnar ya juyo gare ni. "Farin fenti, ko? Kai kuma kana shafa man shanu."

Na ce, "Yaya, tsoro ne ya sa Steen. Yaro ne."

"Shekararsa arba'in da bakwai. Komai ina ji, Villy. Bakina ne kawai ya ƙi ni."

Ranar Lahadi, bayan an sallame shi, Steen ya zo da furanni. Ya rungumi ubansa har da hawaye, kuma na yarda hawayen na gaske ne. Bayan kofi ya ce a ba shi makulli ya duba injin jirgin.

"Mu je tare, ɗana," in ji Ejnar.

Muka gangara bakin ruwa, iska tana dukanmu. Holger yana zaune kan akwatin kifi yana ɗinke raga. Steen ya miƙa hannu. Ejnar ya wuce hannun kamar bai gani ba.

"Holger, ɓarawon wuri! Sunan jirgin nan ba za ka taɓa shi ba," in ji Ejnar.

"Haukan ne ya dawo?" in ji Holger.

"Jiya aka gwada ni, gishirin ya kai 138. Villy ne shaida."

Ya kama hannun Holger, ya danƙa masa makullin.