Gasar Manhaja Bisa Girma

Tana durƙushe a ƙarƙashin teburin Akanta, tana laluben wayar firinta da ya fizge da ƙafarsa, ta sake kawo masa zancen gasar. Injiniya suke ce mata a ofishin, amma injiniyancin bai wuce zaro takardar da ta maƙale da tuna wa manya lambar sirrin da suka manta ba.

Gasar ta masu haɗa manhaja ce, hakaton ake kiranta. Ranar Asabar za a tara mutane a zaure ɗaya, kowane kamfani ya turo mutum huɗu, su gina abu mai aiki kafin a tashi. Waɗanda suka ci, masu gasar za su ɗauke su horo. Injiniya ta daɗe tana haɗa manhajar da za ta nuna wa direbobin kamfanin inda kaya ke jiransu, kuma gasar nan ita kaɗai ce ƙofar da take gani ta fita daga gyaran firinta. Sai dai ba a karɓar mutum shi kaɗai.

Akanta ya ce shi ba ya shiga harkar masu kutse, yana da iyali. Sakatariya ta tambaya ko za a raba abinci. Mai kula da sito, wanda ke taɓa kwamfuta da yatsa ɗaya kamar za ta cije shi, ya ce a bar wa yara. Takaici ya cika ta, amma mai son ɗan tsuntsu shi ke binsa da jifa.

Sai ta sauya salo. Ta daina ambaton manhaja gaba ɗaya. Ta riƙa bi tebur-tebur tana cewa shugabannin kamfanoni za su halarta, za a ɗauki hotuna, kowa zai dawo da takardar yabo mai ɗauke da sunansa. Kafin a tafi cin abincin rana, waɗanda suka yi mata kunnen uwar shegu da safe sun fara tsayawa a bakin ƙofarta suna tambayar lafiyar mamarta. Har ta ji daɗi, baiwar Allah.

Da yamma Manaja ya kira taro. Ya gyara zama, ya ce shi ma ya daɗe yana wannan tunanin, bai dai samu lokacin faɗa ba ne. Ya tuna musu cewa a gidan nan duk wata fita da sunan kamfani bisa girma ake yinta, daga sama a gangaro. Saboda haka shi zai je, da mataimakinsa, da Akanta, da mai sito wanda ya riga kowa kama aiki. Aka tafa. Akanta, mai iyalin nan, shi ya fi kowa tafi.

Injiniya ta ɗaga hannu. "Ranka ya daɗe, to wa zai rubuta manhajar?"

"Ke mana, 'yata," in ji Manaja yana murmushi. "Ki zauna a gida kusa da waya, in mun maƙale sai mu kira ki. Ai sunan kamfani muke nema, ba na mutum ɗaya ba."

Ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ko wani zai ji kunya. Babu wanda ya ji. Mataimaki yana tambaya ko kwat za a saka, mai sito kuma ya matso yana roƙon ta ara masa kwamfutarta don kada ya fito a hoto hannu rabbana. Ta ce to, domin a ofishin ba a ce wa babba a'a.

Ranar Asabar da hantsi wayarta ta fara ruri. Manaja ne. Ta katse, sai ga mataimaki, sai Akanta, sai Manaja kuma. Mamarta ta leƙo daga kicin ta ce ta ɗauka mana, ko ba manyanta ba ne?

"Su ne, Mama," ta ce. "Manya ne, sun san abin da suke yi."

Ta kashe wayar ta jefa a aljihun tebur, ta jawo bokiti ta jiƙa wankinta.