Sunan Ɗan Kubra

Ni Lubabatu, mai dakan fura a kasuwar Illela, ban iya riƙe baki ba, kowa ya sani. Shekarar da Nasara suka ci Sakkwato a filin Giginya, mazajenmu da suka tafi yaƙin kaɗan ne suka dawo, waɗanda suka dawo kuma suka yi gum. Dogarai na ta cewa a bar tone-tone, zamani ya sake. A bar mi? Ni wana Halliru can ya kwanta, ko kabarinsa ban sani ba!

Sai na kama Baffa Jaɓɓo, makiyayin da ya dawo da harsashi a cinya. In ya zo shan fura sai in zaunar da shi gindin turmi. Yana ba da labari, ina zuba shi cikin waƙar daka: wane ɗan wane, inda ya tsaya, yadda ya faɗi. Dogari ba ruwansa da waƙar mata. Kafin kaka, matan Gidan Katta da na Darna duk sun ɗauke ta.

Mutum ɗaya ya gagare ni. Jaɓɓo ya ce da bindiga mai ruwa ta fara ɓarin wuta, wani saurayi ne ya goya shi har bayan wata tsamiya, ya ajiye shi, ya juya ya koma wajen tutar yaƙi. Bai dawo ba.

Na ce, "Baffa, mi sunanai?"

Ya ce, "Wallahi Dogo muke ce mai. Baƙi ne, daga wajen Ƙonni suka gangaro da shanu."

Dogo! Dogaye nawa Allah ya halitta? Yabon da ba suna, gobe wani zai liƙa wa kakansa da ya ɓuya a rumbu. Da na bi diddigi, ashe uban yaron ya rasu, saura uwarsa, Inna Kubra, mai kawo mini nono. Ga rugarsu na shirin tashi, ta ƙetare sabuwar iyakar nan zuwa ɓangaren Faransa. Ga shi kuma Dogo ɗan farinta ne. Bafulatana ta kama sunan ɗan fari? Tun da ta haife shi "wancan" take ce masa.

Na dai tambaye ta. Ta rufe baki da gefen zane, ta ce, "Haba ɗiyata, ba ki da ta ido?"

Raina ya ɓaci. Na ce, "Inna, Nasara sun kashe shi, ke kuma kunya za ta sa ki binne sunanai?" Ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi, ko nonon ba ta auna mini ba.

Ranar tashinsu da hantsi, kasuwa ta cika, muna lugude ni da 'yan matana, Jaɓɓo na zaune. Sai ga Inna Kubra tana jan santa, takarkari ɗauke da kayanta. Daidai mun kai baitin Dogo. Ta tsaya cak, ta saurara har ƙarshe, sannan ta dubi Jaɓɓo.

"Da gaske ya koma?"

"Da ƙafarsa ya koma, Kubra. Ba wanda ya tura shi."

Ta saki igiyar san, ta fizge taɓaryar hannuna, ta ce mu maimaita. Muka ɗauko. Da muka iso inda nake cewa Dogo, ta buga turmi tim, ta ɗaga murya:

"Hamidu! Hamidu sunanai, ni na haife shi!"

Kasuwa duk ta juyo, har mahauta sun ajiye wuƙa. Na rangaɗa guɗa hawaye na zuba, don wallahi ban taɓa jin alfahari irin na ranar ba. Dogarin da ke bakin rumfa ya kau da kai, wai yana duba akuya.

Inna Kubra ta miƙo mini taɓaryar, ta ja zane ta rufe fuska.

Ta ce, "Sau ɗaya na faɗa, ba ni ƙarawa. Ku riƙe mini shi."

Ta kama igiyar santa ta yi arewa. Mu kuwa muka ɗauko baitin daga farko, da sunansa.