Kajin Tela da Akurkin Awo

Ni ba na shiga sha'anin mutane, kowa ya sani. Katangar da ke tsakanina da gidan Tela ce gajeriya, ni kuma in na kifa bokiti na hau, shanyata nake dubawa.

Tela maƙwabcina ne. Shekara talatin yana ɗinki, kuma a faɗarsa bai taɓa kuskuren awo ba. In riga ta matse ka, kai ne ka ƙara ƙiba a hanya. To wannan bawan Allah ne ya shigo wata Asabar da kaji shida a kwali, wai zai fara kiwo a bayan gida. Kwana uku suna gantali. Suka yi kashi a kan tabarma, wata ja kuma, wadda yake kira Gimbiya, ta hau gado ta kwanta a kan ɗankwalin matarsa.

Matar ta ce, "Malam, ko ka nemo musu wurin zama, ko ni in nemo musu. Tukunyata tana cin shida."

Tela kuwa son kajin nan yake kamar shi ya ƙyanƙyashe su. Da idona na gan shi yana bin su a guje, tef a wuya, fensir a kunne.

"Ke, tsaya mana! Ɗaga fiffike!"

Ya auna ƙirji, ya auna tsawo daga baki zuwa jela, ya rubuta wa kowace nata a takarda. Sannan ya kira kafintan bakin titi ya miƙa masa.

Kafinta ya juya takardar sama da ƙasa. "Maigida, ai akurki ɗaki ɗaya ake yi mai faɗi, a sa raga don iska, a gitta sandar da za su hau."

"Kai katako ka sani, ni jiki na sani. Ka taɓa ganin mutum shida a riga ɗaya?"

Kafinta ya ce bai taɓa gani ba. Bayan kwana biyu ya kawo abin: akwatuna shida a jere a kan dogayen ƙafafu, kowane daidai jikin mai shi. Aka zuba tsaba a ciki, kajin suka cusa kai suka shige cif-cif. Tela ya tafa.

"Kun ga aiki? Ko allura ba za ta wuce ta gefe ba!"

Gaskiyarsa. Sai dai kaza in ta shiga wuri, juyowa take ta fito, nan kuwa babu wurin juyi. Ga jela shida a waje sun jeru suna kallon gidana. Kullum sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana zaro su ta baya kamar aljihun tebur. Ƙwai kuwa, tunda inda yake fitowa a waje yake, sai dai ka ji fas a kan siminti.

"Sun ƙara ƙiba ne," in ji Tela.

Sai ya hau keken ɗinki ya ɗinka aljihu shida na atamfa, ya rataya ɗaya a ƙarƙashin kowace jela don tare ƙwai. Aljihunan sun tare abu, amma ba ƙwai ba ne. Ranar sai da na sauka daga bokiti na zauna, dariya ta riƙe min ciki.

A kwana na biyar Gimbiya ta daina cin abinci. Aka zaro ta tana haki, baki buɗe, zafi ya dafa ta rabi. Matar ta ɗauko wuƙa ta zauna tana wasa ta a dutse.

"Gara in yanka su da su mutu a banza. Da jar zan fara."

"Haba Maman yara, a rage musu tsaba dai, za su koma awonsu."

"Kira kafinta. Ka faɗa da bakinka cewa awonka ne bai yi ba, ya fasa abin nan. In ba haka ba, riƙe min ƙafafunta."

Tela ya dubi wuƙa, ya dubi Gimbiya. Ita ma ta dube shi da ido ɗaya. Ya fita ya dawo da kafinta, ya tsaya yana murza tef, ya yi wata magana can ƙasan maƙoshi.

Na ce, "Ɗan nan, ɗaga murya, mu na nan ba mu ji ba."

"Iya, ke ba ki da aiki ne?"

"Na gama."

Matar ta ci gaba da wasa wuƙa. Tela ya rufe ido.

"Awon... bai yi ba."

Kafinta ya sa guduma ya ɓalle allunan tsakiya, ya ƙara faɗi, ya buga raga, ya gitta sanda. Aka ba Gimbiya ruwa aka sa ta ciki. Ta juya dama, ta juya hagu, ta sake juyawa don kawai ta ga tana iyawa. Matar ta mayar da wuƙa kicin.

Tela ya daɗe yana kallon akurkin, sannan ya girgiza kai.

"Ya yi musu buhu."