Fayif a Muƙamuƙin Mai Famfo

Mai Famfo ba ya tsoron kwata, ba ya tsoron rami, amma ka ambaci asibiti a gabansa, nan take zai tuna da wani aiki da ya bari a gidan mutane. Shi ya sa da ƙasan muƙamuƙinsa ya fara kumbura duk sanda ya kai loma baki, sai ya ja bakinsa ya yi gum. Haka ciwon wansa ya faro, da ɗan ƙulli a wuya, aka ce ciwon daji ne, bai rufa shekara ba. Mai Famfo ya riga ya yanke wa kansa hukunci cewa nasa ne ya zo.

Autarsa ce ta kama shi yana dafe wurin a kan abinci, ta tasa shi gaba zuwa asibiti kamar ɗan makaranta.

Ɗakin hoton sanyi ƙalau, da wata na'ura ta sunkuyo kan gado. Likitar, doguwar mace mai tabarau, ta kwantar da shi.

"Baba, ɗaga harshe. Akwai 'yar ƙofa a nan da miyau ke fitowa. Ta nan zan zura siririn tiyo, in tura ruwan da ke bayyana a hoto."

Ƙofa a ƙarƙashin harshe! Shekara da shekaru yana yawo da bakin nan, bai san da zamanta ba. Ya ji wurin ya cika tam, na'ura ta yi 'yar ƙara. Da aka zare tiyon, aka kira Auta daga waje, likita ta juyo musu da allon na'urar.

Mai Famfo ya saki baki. Wani farin layi ne ya taso daga gindin harshe ya miƙe baya, ya rabu biyu, kowane ya sake rabuwa, har suka koma sirara kamar gashi. Ya nemi mahaɗa, bai gani ba. Babu gam, babu ɗauri, babu inda ke yoyo. Shi da ke alfahari da haɗa fayif a bene mai hawa-hawa, ashe aikin da ya fi nasa yana kwance cikin naman fuskarsa, yana aiki dare da rana ba wanda ya taɓa zuwa gyara. Tsigar jikinsa ta tashi, ya ce, "Ikon Allah."

Likita ta nuna wani baƙin ɗigo inda farin ya tsinke.

"Ka ga mai laifin. Tsakuwa ce, ba ta kai ƙwayar wake ba. In ka fara cin abinci miyau ya taso ya rasa hanya, sai wurin ya kumbura."

"Likita, ba daji ba ne?"

"Toshewa ce kawai, Baba. Ta cikin baki za mu ciro ta."

Ya daɗe yana kallon allon, hawaye na gangarowa, bai ko share ba. Can ya juyo.

"Auta, kira ƙanena. Ki ce ya maido mini da akwatin kayan aikina."

"Me ya kai akwatinka wurinsa, Baba? Kai da ko sifana ba ka ba da aro?"

Ta tsaya da waya a hannu tana dubansa, sai a lokacin ta gane tun yaushe ubanta ya fara sallama da su.