Garin da Aka Cire wa Ƙofofi

Daren jiya wani mafarki na yi, har yanzu bai sake ni ba. Tun da mai gyara ya sauya wa kwamfutata tsari, ya ce yanzu da yatsa ake shafa fuskarta, na rasa inda muryar matata marigayiya Tasalla ta shiga, wadda na ɗauka tana ba jikokinmu labari. Ita na fita nema a mafarkin.

Unguwarmu ce, amma gidajen sun zama akwatuna masu launi, shuɗi da kore, babu ƙofa ko ɗaya. Na yi ta sallama, ba mai amsawa.

Sai ga ni a wani ofis. Wani bunsuru mai tabarau yana bayan tebur, yana tauna igiyar maus.

"Ranka ya daɗe, ina ƙofofin?" na ce.

"Mun cire, Baba. Don mu sauƙaƙa muku."

"To ta ina ake shiga?"

"Ta ko'ina. Shafawa kawai za ka yi."

Na shafa bango, bai ji ni ba. Bunsurun ya leƙa yatsana da dukanci ya busar, ya ce, "Wannan ai ba yatsa ba ne, ƙirgi ne." Da furfura na koyi karatu, na saba jira a gama dariya.

A waje ana ruwa, daga ƙasa yake tashi yana tafiya sama. Ya jiƙa mini hannu, yatsan ya yi laushi. Na taɓa wani koren gida, sai ya buɗe.

Tasalla ce zaune a tabarma, tana tsince shinkafa a faifai.

"Malam, sai yanzu?" ta ce. "Ni fa ba inda na je, matsar da ni suka yi."

"Na yi ta nemanki."

"Ai na san nemanka, na tsayawa a bakin zaure. Zauna. Amma ka kame hannunka, nan komai taɓawa ne."

Na zauna. Ta ɗora labarin daga inda ta tsaya, ni ina saurare, kamar da. Can wani ɗigon ruwa ya haura haɓarta, ya tsaya a kuncinta kamar hawaye. Ban yi tunani ba, na kai hannu na share mata.

Sai ta zame gefe, ita da faifan da tabarmar, tana tsakiyar magana. Tallan sabulu ya maye gurbinta. Na shafa dama, na shafa hagu. Sabulu dai.

Bunsurun ya leƙo ta kusurwa. "Baba, kai ka kawar da ita. Mu ba ruwanmu."

Ina cikin roƙonsa injin markaɗen maƙwabta ya tashi, na farka. Gari ya waye. Kwamfutar tana kan tebur, fuskarta ta yi ƙura. Na ɗauko tsumma, na tsaya a kanta jim, sai na mayar da shi inda na ɗauko.