Gafakar Dukawan Birni

Ramlatu ta iso rumfar dukawa da hantsi, takarda a hannu, tana haki. Kar ɗin Yamai, wato babbar motar fasinja, zai tashi bayan azahar, daga can kuma za ta wuce taron matasan Afirka masu matsa wa manyan ƙasashe su wargaza makaman nukiliya. Wasiƙar da za ta kai na ɗauke da sunaye ɗari uku, amma duk na 'yan lise ne, ɗalibanta na sakandare. Ba ta so a ce surutun yara ta kwaso. Hannun masu sana'a take nema, kuma babu badukun da zai taɓa bik, alƙalamin sa hannu, sai shugabansu, Baba Ɗan'azumi, ya fara.

Sati uku yana ce mata sai gobe, irin goben da ke kashe kowane abin kirki a garin nan.

"Baba, yau gobe ta ƙare," ta ce, ko gaisuwa ba ta gama ba. "Yuraniyom a ƙasarmu ake haƙo shi. Bam ɗaya ya isa ya shafe Zinder, daga Birni har Kara-Kara. Mu kuma muna zaune muna shan shayi."

"Ina kwana, Malama," in ji tsohon, yana zare ƙirgi. "Mun kwana lafiya, tunda kin tambaya."

Rumfa ta kwashe da dariya. Kunya ta kama ta, ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata.

"To miƙo takardar." Ya riƙe ta da yatsa biyu. "Haka za ki kai wa shugabannin duniya? Tsirara, kamar ta ƙunsa ƙosai? Tun zamanin kakanninmu, wasiƙa ba ta fita Damagaram sai cikin fata. Mutari, ɗauko."

Mutari, ƙanensa, ya jawo wani ƙunshi daga ƙarƙashin buzu. Gafaka ce ta jar fatar akuya, sabuwa, tana ƙamshin jima. Murfinta cike da ƙananan tambura: tauraro, ƙafar kaza, ido, tsani.

"Mu ba ma sa hannu da bik," in ji Baba. "Kowa da ƙarfen da yake buga wa aikinsa shaida. Arba'in da ɗaya ne nan. Na Yakuba ya ɓata mana lokaci, sai da aka bi shi har Gidimuni."

Ramlatu ta zura wasiƙar, ta shige daidai.

"Yaushe kuka auna?"

"Ranar da kika fara zuwa kina yi mana wa'azi. Ke kina magana, ni ina awo."

Dariya ta ƙwace mata. Can ta tsaya cak.

"Amma Baba, a can wa zai san mai tauraro?"

"Ba ke ce malama ba?"

Ta zauna dirshan a tabarma, ta zaro wasiƙar ta juya bayanta, ta cire murfin bik da haƙori.

"Ƙafar kaza ta wa?"

"Tawa ce, ni Alkasum. Ki rubuta da kyau, Turawa za su karanta."

"Ido fa?"

Mutum uku suka amsa a tare, gardama ta kaure. Rana na hawa, ita kuma tana rubutu da sauri, tana cewa su bi layi, saura talatin da tara.