Abincin Masu Igiya

Ranar da aka kawo mini Baban yara a motar kamfani, ina tsugune ina wanke-wanke, hannuna duk kumfa. Mutum biyu ne suka riƙo shi, ɗaya dama ɗaya hagu, ƙafafunsa na harɗewa kamar na ɗan akuya sabon haihuwa. Na saki kwanon da ke hannuna na ce, "Faɗowa ya yi?"

"Da faɗowa ya yi ai ba nan za mu kawo shi ba," in ji ɗayansu. Ka ji mini mai lallashi!

Aikin maigidana wankin gilashi ne, amma ba irin na tagar ɗakina ba. Dogayen benayen nan na tsakiyar gari waɗanda jikinsu duk gilashi ne, su suke wankewa. Su hau can ƙololuwa, su ɗaura igiya, su sa ɗamara, su zuro kansu ta waje da bokiti rataye a ƙugu. Ni dai ban taɓa zuwa na gani ba. Iyakar abin da na sani, rigarsa tana dawowa da warin sabulu, tafin hannunsa kuma ya yi kanta. Abokan aikinsa Ƙadangare suke ce masa, shi kuwa har wani ɗaga kafaɗa yake idan ya ji.

To, a ranar yana tsakiyar bene jiri ya ɗebe shi. Ido ya yi duhu, hannu ya ƙi kama komai, ya tsaya yana lilo a jikin igiya. Kawunsa, ƙanen mahaifiyarsa, wanda shi ya sa shi a aikin tun farko, shi ya zuro kusa da shi ya sauko da shi. Manaja bai ɓoye masa ba: a ƙarshen wata zai yi masa gwaji. Zai hau matakala tun daga ƙasa har sama da kayan aiki a baya, ba lifta, sannan ya sauko a igiya yana wanki. In ya ci, ya koma bakin aikinsa. In ya gaza, ya rabu da igiya ke nan har abada, sai dai ya zauna a ƙasa yana cika wa wasu bokiti. Na ga fuskarsa lokacin da yake gaya mini. Mutumin nan da ko a jana'izar mahaifinsa ban ga hawayensa ba, sai ga idonsa ya kaɗa ya yi ja.

Muka je wajen likitan kamfani tare. Ta auna jini, ta saurari zuciya, ta ce duk lafiya ƙalau. Sai ta tambaye shi me yake ci da safe. Na yi caraf na amsa, don ni nake ɗaure masa ƙunshin: burodi, ƙwai, wani lokaci shinkafa da wake, da gorar ruwa. Likita ba ta dube ni ba, shi ta zuba wa ido. Shi kuma ya zuba wa takalminsa.

"Maigadin wurin aikinmu nake ba," ya ce can ƙasa-ƙasa.

"Tun yaushe?" na ce.

"Tun da na fara."

Jama'a! Ashe shi ya sa maigadin nan da ban taɓa gani ba yake ta aiko mini da gaisuwa, wai a gaida Hajiya, Allah ya ƙara buɗi. Shekara da shekaru ina tashi da asuba ina kiwon ƙaton da ban san ko kamanninsa ba! Ba don idon likita ba, wallahi da a nan za a ji kanmu.

A hanya ya yi mini bayani. Can sama babu banɗaki. In ka rataya a igiya ka rataya ke nan, saukowa da sake hawa sai su cinye maka rabin yini, abokin aikinka kuma dole ya tsaya jiranka. Don haka masu igiya suka yi wa kansu doka: ba ci, ba sha, sai an tashi. Kofin shayi guda da aka cika da sukari, ko kwalbar lemo, shi ke nan. Wai ciki wofi ya fi sauƙi a igiya. Wanda duk aka kama yana taunar wani abu, sun dinga kiransa Jariri ke nan har ya bar aikin. In ka yi gardama su ce dubi Kawu. Ya haura sittin, ba a taɓa ganin ko ƙwayar gyaɗa ta shiga bakinsa a wurin aiki ba, amma har gobe ba mai kamo shi. Sai a lokacin na gane dalilin da Baban yara ke dawowa da yamma hannu na rawa, ya share tulin shinkafa mai iyo a cikin mai, ya kife a wurin. Ni kuwa ina ta murna girkina ne ya yi daɗi.

Likita ta ce ya ci da safe, ya sha ruwa, ya daina tara yunwa. Gaskiyarta. Washegari na dage na cika masa faranti, na tsaya a kansa sai da ya cinye, ya kora da ruwa kofi biyu. Ya saɓa jakar kayan aiki ya kama matakalar gidan da muke haya don ya gwada kansa. Bai kai ko'ina ba ya zauna dafe da ciki yana haki.

"Kin gani ko?" ya ce. "Ku kuna ƙasa kuna tsara wa na sama yadda zai yi."

Raina ya ɓaci, na rasa wanda zan huce a kansa, sai Kawu ya faɗo mini. Na yafa mayafi na nufi gidansa. Ban same shi ba, sai matarsa, wadda duk muke kira Inna. Tana zaune bakin ƙofa da rigar aikin Kawu a cinya, ta juya cikinta waje tana ɗinki. Na gaishe ta a gurguje na fara zuba: Kawu ya koya wa ɗansa zama da yunwa, shi Allah ya yi shi da ƙarfe, to ba kowa ne ƙarfe ba. Inna ta bar ni na yi mai isata. Sannan ta gutsure zaren da haƙori ta ce, "Wane ƙarfe? Zo ki gani, 'yar nan."

Aljihu ne a cikin rigar. Ba ɗaya ba, ba biyu ba, ƙanana, jere daidai ƙirji inda ɗamara ba ta dannewa, kowanne da maɓallinsa. Ta dinga nuna mini da yatsa. Wannan na gyaɗa, wannan na dabino, wannan dogon na ayaba. Na ƙarƙashin hammata kuma na wata 'yar gora ce mai faɗi, ruwa da ɗan gishiri kaɗan da matsin lemon tsami, da siririyar roba da take biyowa ta wuyan riga. Na tsaya baki buɗe. Ashe tsohon nan yini yake yana ci a sama, ya juya wa mutane baya kamar mai duba ƙullin igiya, ya jefa a baki.

"Ciki ba rumbu ba ne da za ki cika shi lokaci guda," in ji Inna. "Tun rana ba ta fito ba nake ba shi karin kumallo, ƙwai da ɗan wake da madara, daidai wa daida. Kafin ya isa wurin aiki ciki ya gama shawararsa, ya shiga banɗaki a ƙasa. In ya hau, ruwan kurɓa-kurɓa ne, gumi ke tafiya da shi. Da yamma kuma rabin farantinsa ganye ne, sai kifi ko wake, shinkafar ba ta fi dunƙulen hannu ba. Mai kuwa da cokali nake zubawa, ba da ludayi ba kamar wasu."

Na haɗiye wannan, don na san da wa take. Na ce, "To Inna, don me ya ɓoye?"

"Kunya! Namiji da furfura yana tsoron yara su ce masa Jariri."

Muna cikin haka Kawu ya yi sallama. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, amma abin ya ƙi zama a cikina. Na ce, "Kawu, ka gafarce ni, ni 'yarka ce. Amma ɗan 'yar'uwarka ya kusa mutuwa yana kwaikwayon abin da kai ba ka yi." Ya dubi rigar da ke cinyar Inna, ya dube ni. Sai ya shige ɗaki. Na ɗauka na yi ɓaranɓarama, Inna kuwa ta miƙo mini allura da ragowar yadi.

Da Baban yara ya ga aljihunan da na ɗinka masa, ya kuma ji labarin Kawu, dariya ya yi har da riƙe ciki. Muka kama tsarin Inna. Da farko ƙorafi ba irin wanda ban sha ba: wai ni na mayar da shi akuya, wai farantinsa ya rame. Na ce akuya ai ta fi kowa iya hawa. Kullum da safe ya saɓa jaka ya kama matakalar gidanmu, ya hau ya sauka, maƙwabta na leƙe. Matar ɗakin ƙasa har tambayata ta yi ko wani abu ya ɓace masa a sama. Sannu a hankali hakin ya ragu, rawar hannun yamma ta tafi, mutumin da ke kifewa kan faranti sai ga shi yana zama ana hira da shi har yana duba wa yara aikin makaranta. Na dinga kallonsa ina mamaki. Abincin nan dai shi ne wanda ke cikin kicin ɗina tun fil azal, lokacinsa da yawansa kawai aka sauya.

Ranar gwaji na ce sai na je. Na biya wa Inna ta raka ni. Da farko ta ce tana da wanki, sannan ta ɗauki mayafinta.

Subhanallahi! Na sha wucewa ta gaban benen nan a mota, amma ban taɓa tsayawa a gindinsa na ɗaga kai ba. Na ɗaga har ɗankwalina ya zame, ban ga ƙarshensa ba. Gajimare na tafiya a cikin gilashin, sai ka rantse ginin ne ke tafiya zai kife a kanka. Tsuntsaye na shawagi, kuma wallahi a ƙasa da rufin suke. Manaja na tsaye a gefenmu da oba-oba a hannu, irin wayar da suke magana da na sama. Baban yara ya riga ya shiga matakala. Muka yi ta jira har ƙafata ta yi sanyi, can oba-oba ta yi ƙara aka ce ya iso, da ƙafarsa.

Sai ga igiyoyi sun zubo, sai ga wasu ɗigo-ɗigo sun ɓullo daga bakin rufin kamar ƙudaje a jikin madubi. Manaja ya nuna mini na gefen dama ya ce shi ne. Wannan ɗigon, shi ne mutumin da ke barin mini safa a tsakar ɗaki? Ya tokari gilashi da ƙafa, ya yi lilo gefe, ya shara hannu, wurin ya ɗau ido. Ya zame ƙasa kaɗan, ya sake. Iska na kaɗa shi yana bin ta ba gardama. Tsoro ya kama ni, alfahari ya kama ni, na rasa wanda ya fi yawa. Ban taɓa sanin abin da nake aure ba sai ran nan.

Ya kai tsakiyar benen, sai ya tsaya cak. Hannu ya daina motsi. Na fara innalillahi. Manaja ya kai oba-oba baki. Kafin ya yi magana, ɗigon da ke kusa da shi ya zuro a guje ya tsaya daidai kafaɗarsa. Kawu ne. Ya ja wani na uku ya matso, sannan na huɗu.

"Me ya faru?" Manaja ya daka tsawa a oba-oba.

Muryar Kawu ta fito ta cikin oba-oba, kuma da ji ka san da abu a bakinsa. "Ba komai, ranka ya daɗe. Gyaɗa muke ci. Jarirai ne mu duka yau, ni ne babbansu."

Na ji dariyar maza daga can sama ta cikin 'yar wayar nan. Jim kaɗan Baban yara ya tokari gilashi ya ci gaba, hannunsa na tafiya kamar yanzu ya fara. Manaja ya bi shi da kallo har ya wuce inda jiri ya taɓa kama shi, ya ce, "Hajiya, mijinki ya koma aikinsa."

Ya kamata in yi guɗa. Maimakon haka sai na zauna daɓas a bakin titi. Da hannuna na dafa, da hannuna na ɗinka, na mayar da shi can inda tsuntsu ma bai kai ba, kuma gobe ma can zai koma. Na juya na ce, "Inna, don Allah ya kika yi kika saba da ganin wannan?"

Sai na ga tana riƙe da gefen mayafina tamau, idonta na kan tsohonta.

"Wa ya ce miki na saba?" ta ce. "Tun da aka kawo ni gidansa ban taɓa yarda na zo ba. Yau na fara gani, tare da ke."

Ba ta sauke kai ba sai da ƙafar Kawu ta taɓa ƙasa. Sannan ta goge ido da bakin mayafi ta ce in tashi mu bi ta kasuwa, ƙwanta ya ƙare.